Tsohon da ke Bayan Shinge

Akwai wani ɗan majalisa a ƙasar Denmark mai suna Asger Thygesen, mutum mai baki da ji da kai. Sojojin ƙasarsu sun daɗe jibge a wata ƙasa mai nisa. Duk lokacin da aka tayar da maganar dawo da su, sai ya ce, "A ƙara shekara guda, mun kusa gamawa."

Ana gab da sake kaɗa ƙuri'a a kan maganar, yayarsa Bodil ta kira shi shan kofi a ƙauyensu. Ɗanta Troels, wanda soja ne, ya dawo daga ƙasar nan mai nisa ba ko ƙwarzane, amma kullum yana tsaye a bakin taga.

Asger ya dafa kafaɗarsa. "Soja, gadin shanun maƙwabta aka ba ka?"

Troels bai juyo ba. "Kawu, akwai wani tsoho da muka kafa sansani a gonarsa ta rumman. Kowace safiya sai ya zo bakin wayar da ta kewaye sansanin ya tambaye ni yaushe za mu tafi. Har ya rasu ban ba shi amsa ba. Ga shi can bayan shinge."

Asger ya leƙa. Rana tsaka, ciyawa kawai da iska.

"Yau ba ni yake kallo ba, Kawu. Kai yake kallo."

Bodil ta ajiye kofinta. "Asger, ka ji da kunnenka. Ku dawo da yaran mutane."

Ya yi dariya. "Haba Bodil, da mafarkin mara lafiya zan tafiyar da ƙasa?"

Ya koma birni ya yi jawabi mai zafi, aka amince sojoji su ci gaba da zama. A rukunin da aka tura bayan nan har da ɗansa tilo, Esben, ma'aikacin jinya a soja. Kafin ƙanƙara ta narke, aka dawo da shi cikin akwati.

Asger ya ajiye kujerarsa ta majalisa. Yanzu duk Lahadi yakan je gidan Bodil, ko rigar sanyi bai cirewa, ya tsaya kusa da Troels a bakin taga. Bodil ta ce abin da ke tayar mata da tsigar jiki, idan idon ɗaya ya motsa, na ɗayan ma sai ya bi, kamar wani ne ke wucewa a hankali a bayan shinge.

Darasi: Kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ya ga abu da idonsa. Kafin ka ce a ci gaba da zama a gonar wani, tuna cewa masu zaman 'ya'yan mutane ne, mai gonar ma mutum ne. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.