Mutumin da Barau Ya Kashe a Rediyo

An yi wani mutum a wani gari, tun lokacin da unguwa guda ke taruwa a gaban akwatin rediyo ɗaya. Sunansa Malam Barau. Aikinsa a gidan rediyo karanta sanarwa: wane ya rasu, akuyar wane ta ɓata. Ba aikin da ake yi wa kirari ba ne. Burinsa ɗaya, a ba shi karanta labarun duniya. Shekara bakwai yana jira, sannan manaja ya ce ranar Litinin zai fara.

To, ku saurara. Dokar gidan ita ce ba a karanta sanarwar rasuwa sai da hatimin mai unguwa. Ranar Alhamis wani ya shigo a guje da takarda: Mati mai jima, wato mai jeme fatu, ya rasu, jana'iza bayan la'asar. Barau ya duba, babu hatimi. Ya duba agogo, azahar ta gota. Ya ce a ransa kada a rasa masu sallatar gawa, ya karanta.

Ashe doguwar suma Mati ya yi. Masu zuwa jana'iza suka tarar da mamacin a zaure yana shan kunu.

Kuna dariya. Mati bai yi dariya ba. Mutanen ƙauye da ke kawo masa fatu suka koma wurin wani, don ba a ciniki da matacce. Ranar Asabar ya zo gidan rediyo yana dogara sanda.

Ya ce, “Kai ne Barau? Kai ka kashe ni, sai ka tashe ni.”

Manaja ya ja Barau gefe. “Gidan rediyo ba ya kuskure. Idan ya matsa, mu ce danginsa ne suka ruɗe mu.”

“Ranka ya daɗe, na ga babu hatimi, kuma na karanta.”

“Wa ya sani?”

“Ni.”

“To, ka sani. Wanda ya ce da bakinsa ya yi kuskure ba zai karanta mini labarai ba. Jibi Litinin, ka yi tunani.”

Ya yi tunani, jama'a, kada ku ɗauka waliyyi ne. Ya kai hannu kan makirfo ya janye har sau biyu. A na uku ya ce, “Masu sauraro, Mati mai jima yana nan da ransa. Laifina ne, ni Barau, na karanta takarda babu hatimi. Masu kai masa fatu ku ci gaba da kai masa.” Kwana uku yana maimaitawa, saboda mutanen nesa.

Ranar Litinin aka ba wani kujerar karanta labarai. Kuna jiran in ce daga baya an gane darajarsa an ɗaukaka shi. Ba a ɗaukaka shi ba. Shekara talatin da ɗaya ya ƙara a kan matattu da awaki.

Bayan ya yi ritaya, wani abokin aikinsa, Malam Ɗantani, wanda ya daɗe yana karanta labarai, ya kai masa ziyara. Ya same shi yana ba tumakinsa dusa.

“Barau, tsakaninka da Allah, ba ka yi nadama ba?”

“Na yi shekara goma ina jin zafi duk sa'ad da na ji muryarka. Daga baya ya wuce.” Ya kakkaɓe hannu. “Kai fa, rijiyoyi nawa ka buɗe a labarai waɗanda ba a haƙa ba?”

Ɗantani ya ce, “Abin da aka ba ni na karanta.”

“To, ni matattuna duk sun mutu, ban da ɗaya. Shi ma na mayar da shi.”

Darasin a fili yake: wanda ya ɓata a bainar jama'a, a bainar jama'a zai gyara, ko da gyaran zai ci masa kujera. Yau kowannenku na da gidan rediyo a aljihu, wato waya. Kun kashe mutane, kun raba aure, kun kori wane daga aiki, dukansu da ɗan yatsa, kuma babu hatimi. Idan ƙarya ta bayyana sai ku goge saƙon ku yi shiru. Gogewa ba tuba ba ce. Wanda ya san akwai wanda ya kashe da bakinsa, yau ya koma inda ya faɗa, ya ce, “Laifina ne.”

Allah Ya ba mu ikon furta wannan kalma.