An Biya Keken, Tsohuwar Fa?

Akwai wata mata da duk unguwa ke kira Inna Nas. Ta daɗe da ajiye aikin asibiti, amma sunan ya ƙi sakinta, ita ma hannunta ya ƙi barin jinya.

A bayan gidanta akwai wani gareji da mota ba ta taɓa kwana a ciki ba. Nan ita da wasu masu son alheri suka kafa ƙungiyar ba da aron kayan jinya. In an sallami maras lafiya kuma gida babu abin kula da shi, sai 'yan uwansa su zo garejin. A ba su keken guragu, ko sandar dogarawa, ko gadon nan na ƙarfe da ake murɗa hannunsa ya ɗaga kan majinyaci. Ba a karɓar ko sisi. In an warke a dawo da kaya, wani ya ɗauka.

Gadajen nan su ne ran Inna Nas. Da kanta take goge su, da kanta take ɗiga wa hannayensu mai.

Su kuwa kekunan, yawanci a lalace ake kawo musu sadaka. Akwai wani Mai Walda a ƙungiyar, shi yake tayar da su kyauta. Ya ciro taya daga wannan, ya ciro birki daga wancan, ya haɗa keke guda mai tafiya. Ma'ajin ƙungiyar, wani tsohon malamin makaranta mai tsokana, yakan ce, "Kekunanmu babu wanda uwarsa ɗaya ubansa ɗaya." Mai Walda ya yi dariya ya ce ai duk da haka sun fi gwiwoyin Ma'aji ƙwari.

To, Inna Nas tana da 'yar ƙane da ke aiki a kamfanin inshora. Saboda yawan maganar da take yi a kai, Inna ta laƙaba mata 'Yar Inshora.

Wata rana ta zo gaisuwa, ta tarar da su ukun a gareji. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Gwaggo, yau sai kun saurare ni. Inshora iri biyu ce ta dace da ku. Ɗaya ta kaya ce: in gobara ta tashi, ko ɓarawo ya shigo, ko keke ya karye a haɗari, kamfani ya biya. Ɗayar kuma ta mutane ce."

"Mutane, wato mu?"

"A'a, waɗanda kuke taimakawa."

"To ai taimakonsu muke yi."

"Eh, Gwaggo. In taimakon ya ji wa wani ciwo, kamfani ya ɗauki nauyin jinyarsa."

Inna Nas ta sauke tabarau ta dube ta. "Taimako ya ji wa mutum ciwo? Ke, kanki ɗaya kuwa? Mu da muke ɗaga na kwance?"

"Keke ƙarfe ne, Gwaggo. Zai iya saki."

Nan take fuskar Mai Walda ta canja. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa a hankali ya ce, "Wato waldata ce za ta saki."

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Ai babu komai, 'yata. Na ji."

Ma'aji ya gyara murya ya ce shi dai a ganinsa kuɗin ta biyun nan gara a sayi keke da shi. Inna Nas kuwa ba kuɗin ne ya dame ta ba. Tana kallon Mai Walda, mutumin da yake rufe shagonsa ya zo ya yi musu aiki don Allah. Ta ga in ta ce a ɗauki ta mutanen, kamar ta ce masa a bainar jama'a ba ta yarda da hannunsa ba ne. Sai kara ta hana ta.

"A yi mana ta kayan," in ji ta. "Su ne dai nake gani da idona."

Aka yi. Daga ranar duk wanda ya tambaya, sai su ce, "Ai muna da inshora." Da tafiya ta yi tafiya, su kansu suka manta wace iri ce.

Ana nan sai wani tela ya zo aron keke wa mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Aka ba shi wanda Mai Walda ya gama haɗawa.

Ranar da ya kai ta ganin likita, ya tsayar da keken a saman gangaren ƙofar asibiti, ya danna birki, ya juya zai karɓo kati. Birkin ya saki. Kafin ya waiwayo keken ya gangara, ya bugi gefen siminti ya kife. Ƙashin ƙugun tsohuwa ya karye. Likita ya ce sai an yi mata aiki, kuma ba a so a ja lokaci.

Inna Nas na jin labari ta yafa mayafi ta nufi asibitin. Ta tarar da Tela zaune a kan benci ya haɗa kai da gwiwa.

"Inna, ko na sayar da keken ɗinkina da shagon gaba ɗaya ba zan iya biyan aikin nan ba."

Ta dafa kafaɗarsa. "Ɗana, kwantar da hankalinka. Muna da inshora. Su za su biya."

Da zuciya ɗaya ta faɗa.

Washegari ta shiga ofishin kamfanin. Wani ma'aikaci mai ladabi ya ba ta kujera, ya saurari labarin har ƙarshe, ya jajanta mata. Ya duba kwamfuta ya ce, "Inna, babu matsala. Za mu biya."

"Alhamdulillahi! Allah ya yi maka albarka."

"Sai dai ki kawo mana hoto."

"Ai na zo da shi." Ta zaro hoton ƙashin tsohuwa daga babbar ambulan ta ɗaga shi sama wajen fitila. "Ka ga karayar nan, daidai nan."

Ma'aikacin ya dubi hoton, ya dube ta. "Inna, hoton keken nake nufi."

"Keken? Me keken ya yi?"

"Ai shi ya karye."

"Tsohuwar ma ta karye."

"Haka ne, Allah ya ba ta lafiya. Amma keken ne namu."

Inna Nas ta sauke hoton a kan cinyarta. Ta ɗauka ko kunnenta ne. Ta sake ba shi labarin daga farko, a hankali, yadda take yi wa majinyacin da ya ruɗe. Shi ma ya sake ba ta amsar daga farko, a hankali, yadda ake yi wa tsohuwar da ta ruɗe. Daga ƙarshe ta ce a kira mata 'yar ƙanenta.

'Yar Inshora ta zo ta durƙusa kusa da kujerar. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Cewa ta yi, "Gwaggo, ta kayan kuka ɗauka."

"To a ƙara mana ta mutanen yanzu. Zan biya."

"Ba a yi wa abin da ya riga ya faru, Gwaggo."

"To su riƙe kekensu, su ba tsohuwa kuɗin."

"Sabon keke za su aiko. Ko kuɗin suka bayar, bai kai ko'ina a aikin ba."

"Wato ƙarfe yana da mai biya masa, mutum ba shi da shi?"

"Yana da shi, Gwaggo. Ita ce wadda kuka ce a bari."

Inna Nas ta fito ta tsaya a bakin titi, ambulan a hannu, ta rasa hagu za ta yi ko dama. Abin da ke yi mata yawo a kai kawai shi ne hannunta a kafaɗar Tela.

Da yamma suka haɗu a gareji, karyayyen keken yana jingine a tsakiyarsu. Ma'aji sai juya hula yake yi. "Ni fa wallahi na ɗauka duka biyun muka yi. Ko kuwa cewa muka yi sai baɗi? To anya ma yaron nan ya danna birkin da kyau? In shi ya yi sakaci, ai ba laifinmu ba ne."

Inna Nas ta matsa kusa da keken. Ta sunkuya ta danna birkin da hannunta. Ya kama. Ta ɗan girgiza keken, sai birkin ya ce ƙwas, ya koma. Ta sake gwadawa, ya sake saki.

Mai Walda ya matso ya leƙa. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Na wani keke ne. Haƙorinsa bai zauna daidai ba. A ƙasa mai shimfiɗa na gwada shi, ban gwada a gangare ba." Ya miƙe tsaye. "Gobe zan sayar da injina."

"Ka sayar 'ya'yanka su ci me?" in ji Inna Nas. "Kai ka haɗa, ni na bayar, ni kuma na ce a bar ta mutanen. Zauna."

Suna cikin haka Tela ya yi sallama. Ko zama bai yi ba. "Inna, an ce in kawo kuɗi kafin a shiga da ita. Yayyena har sun fara maganar lauya, na ce su dakata, Inna Nas ta ce in kwantar da hankali. Yaushe masu inshorar za su biya?"

Inna Nas ta dube shi ta ce, "Ɗana, ba za su biya ba. Ba ƙarya na yi maka ba, ni ce ban san abin da na saya ba. Birkinmu ne ya saki, ba hannunka ba. Za a yi wa mahaifiyarka aiki. Ka ba ni zuwa gobe."

"Da me za a yi?"

Inna Nas ta juya ta dubi gadajen.

Akwai wani ƙaramin asibitin kuɗi da ya daɗe yana tayin su tana ƙi. A gabansu ta ɗauki waya ta kira mai asibitin.

Da safe motar ɗaukar kaya ta zo. Ana fitar da gado na ƙarshe, sai ga wata mota ta tsaya a bayanta. Yaran kamfanin inshora suka sauke sabon keke fil a cikin leda, suka ce ta sa hannu. Ta sa. Ta tsaya tsakanin gadon da ke fita da keken da ke shigowa, ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

An yi wa tsohuwa aiki, kuma an dace. Ranar da za a sallame ta, Inna Nas ta turo sabon keken har gaban gadonta. Tsohuwa ta shafa hannunsa, ta ce, "Wannan ne ya faɗi tare da ni?"

"Magajinsa ne, Iya."

"Oh ni! Tare muka faɗi, ya riga ni warkewa. Shi ɗan gata ne ke nan."

Har Tela sai da ya yi dariya. Maganar lauya ba ta sake tashi ba. Daga baya ma shi ya riƙa ɗinka wa kekunan ƙungiyar matasai, bai taɓa karɓar komai ba.

Amma garejin ya yi fili. Ba a jima ba wata mata ta yi sallama, idanunta duk sun faɗa. Ta ce mijinta ɓarin jikinsa ya shanye, ita kaɗai ke ɗaga shi, bayanta ya kusa tsinkewa. An ce mata nan ana ba da aron gado mai ɗaga kai.

Tunda aka buɗe garejin nan Inna Nas ba ta taɓa ce wa mai neman gado babu ba, sai dai ta ce a jira a dawo da shi. Yau kuwa sai ta sunkuyar da kai. Matar ta bi idonta zuwa ƙasa, inda ƙafafun gadajen suka bar tabo a siminti. Ta gane. Ta yi godiya, ta juya ta tafi.

Mai Walda yana gefe yana gwada birki a kan wani katako da ya jingina ya yi gangare. Bai ɗago ba ya ce, "Inna, kira yarinyar nan ta inshora."

Ta kira. Da 'Yar Inshora ta ɗauka, Inna Nas ta ce, "'Yata, ki zo gobe. Ki sake yi mini bayanin nan tun daga farko. Ki fara da ta mutanen."

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta hana birki saki. In kuna da ƙungiyar taimako, kada ku kare kayanku ku manta da mutanen da kayan ke ɗauka. Ku tambaya har sai kun gane abin da inshorarku ta ɗauka da abin da ta bari, kuma kada kara ta hana ku yin abin da ya kamata. Ku tura labarin nan ga duk wanda kuka sani yana aikin alheri, ko wani gareji zai tsira da gadajensa.