Ɗigon Jan Farcen Umma a Kan Madannai

Akwai wani dattijo da 'yan unguwa ke kira Baba Tafireta. Aikinsa ne ya ja masa sunan, domin ƙuruciyarsa duk a gaban keken rubutu ta ƙare. Ko ya dawo gida ba ya hutawa, 'ya'yansa sun tashi ne da ƙarar ƙwas-ƙwas a kunnensu, da 'yar ƙararrawar nan da ke kaɗawa in layi ya ƙare.

Auta, ƙaraminsu, ya fi kowa tuna wancan zamani. A ƙarƙashin teburin Baba yake wuni, yana tsintar takardun da aka ɓata yana zane a bayansu. Haka zane ya shiga jininsa, har ya girma ya zama mai haɗa hotunan talla da bidiyo. Aiki ya karɓe shi, aljihu ya yi nauyi, sai kuma ɗan hura hanci ya biyo baya.

Da zamanin tafireta ya wuce, Baba ya koma kwamfutar laftof. Wata baƙa ce mai kauri, ga nauyi kamar bulo. Batirinta ya daɗe da mutuwa, in aka zare caja take ɗaukewa, fankarta kuwa gurnani take yi kamar mai jin haushin kowa. Yaya, babbar 'yar gidan, ita ta raɗa mata suna Gwaggo.

Tun da Umma ta rasu, Baba ya sa wa kansa aiki guda. Kullum da safe yakan zauna gaban Gwaggo yana rubuta labarin zamansa da matarsa, saboda jikokin da ba su san ta sosai ba. Kuma sauri yake yi, don likita ya gaya masa ganinsa raguwa yake yi, ba kuma zai dawo ba. Burinsa ya kai ƙarshen labarin kafin idon ya rufe.

Wata rana Auta ya zo gaisuwa da wani abokin aikinsa. Abokin ya hango Gwaggo a kan tebur, ya ƙunshe dariya, da suka fito ya ce, "Kai da kake canza kwamfuta kamar riga, wannan ce ta mahaifinka?"

Maganar ta tsaya wa Auta a rai. Da yamma ya kira Yaya ya ce zai saya wa Baba sabuwa.

Yaya ta ce, "To madalla. Amma ka fara tambayarsa irin wadda yake so."

Ya ce, "Haba Yaya! Ni da kwamfuta nake kwana, da ita nake tashi. Me Baba zai gaya mini a kanta?"

Ta ce, "Ni dai na faɗa maka."

Ranar da Yaya ta kai Baba asibitin ido, Auta ya shiga ɗaki ya naɗe Gwaggo da cajarta, ya nufi shagon kwamfuta. Mai shagon ya jera masa guda uku a kan kanta. Ya ce ta farko ta aikin ofis ce, tana da madannai masu zurfi, mai yawan rubutu ba ya gajiya da ita. Ta biyu 'yar sauƙi ce, ta kallo da aika saƙo da hira da 'yan uwa. Ta ukun kuwa siririya ce mai sheƙi, an yi ta ne don masu zane da haɗa bidiyo, ita ce kuma ta fi tsada.

Auta ko kallon biyun farko bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kan ta ukun, irin wadda shi kansa ya daɗe yana mafarki.

Ya sa aka kwashe duk rubutun Baba aka zuba a cikin sabuwar. Gwaggo kuma ya bar musu ita a matsayin musaya. Har da ba da haƙuri, wai su yi masa uzuri da jajayen tabon da ke kan madannanta, tsofaffi ne sai a hankali.

Da Baba ya dawo, ya tarar da sabon abu yana ƙyalli a kan teburinsa, Auta na tsaye a gefe yana murmushi.

"Baba, ga ta nan. Babu irinta a unguwar nan. Rubutunka duk yana ciki, ko harafi ɗaya bai ɓata ba."

Baba ya zauna, ya ɗora yatsunsa a kan madannan yadda ya saba, ba tare da ya kalla ba. Yatsun suka yi ta shafawa, suka je dama suka dawo hagu, sannan suka tsaya cak.

A hankali ya ce, "Ina Gwaggo?"

"Ai na bar musu ita, Baba. Ta gama yayi."

Baba ya janye hannunsa daga madannan. Sannan ya ɗago ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta. Ka yi ɗawainiya."

Auta ya tafi gida ransa fari tas, har ya aika wa abokin nan hoton sabuwar kwamfutar.

Makonni suka shuɗe. Wata safiya Auta ya biyo ta gidan, tun daga ƙofa ya ji wani abu ya canza, amma ya kasa gane ko mene ne. Sai da ya zauna a falo sannan ya gane. Shiru ne. Baba mutum ne mai dukan madannai da ƙarfi irin na masu tafireta, ko daga waje ana jin sa. Yau kuwa babu komai sai ƙarar agogon bango.

Ya leƙa ɗaki. Baba na zaune bakin taga hannuwansa a kan cinya. Sabuwar kwamfutar tana kan tebur, an lulluɓe ta da ƙyalle don kada ta yi ƙura.

"Baba, yau ba rubutu?"

"Ana ɗan hutawa ne," in ji Baba, ya kawar da zancen da tambayar lafiyar yara.

Auta ya samu Yaya a kicin. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Sai yau ka lura? Ya gwada, ba sau ɗaya ba. Madannan a shafe suke, yatsunsa ba sa gane inda suke. Gilashin kuma ƙyalli yake masa a ido. Ranar nan shafi guda ya goge bai sani ba, tun daga nan ya rufe ta. Ya kuma hana ni gaya maka, wai kada ranka ya ɓaci bayan ka kashe kuɗinka."

Auta ya ce, "To ai waccan ma madannai ne da ita."

Sai a lokacin Yaya ta juyo ta dube shi. "Jajayen ɗigon nan da ke kanta, ka ɗauka datti ne? Jan farcen Umma ne. Da idon Baba ya fara rauni, ita ta riƙa ɗiga masa a kan madannan da yake aje yatsu, da na gogewa don ya kauce masa. In ya bushe sai ya yi tudu, yatsa ya ji. In ya suɗe ta sake sa wani. Na ƙarshe tana kwance ba lafiya ta ce a kawo mata kwalbar, hannunta na rawa, har ɗaya ya karkace ya malala gefe. Kullum da safe wannan yake fara taɓawa kafin ya rubuta komai."

Nan take Auta ya tuna warin jan farce a ɗakin Baba, da Umma a sunkuye tana hura madannai da baki, Baba yana tsokanarta wai ta mayar masa da kwamfuta amarya. Ya ga wannan da idonsa, bai taɓa tambayar dalili ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya fita ko sallama bai yi ba.

A shago aka ce masa ai irin waɗannan tsofaffin ba a ajiye su, mai gyara ake ba wa ya farke ya ɗebi kayan ciki. Aka kwatanta masa wurin, wani ɗan lungu a bayan kasuwa.

Mai gyaran ya saurare shi, ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, wannan an daɗe da farke ta. Amma madannai ba na zubarwa. Ga kwali can, in kana da sa'a."

Kwalin cike yake da madannai baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya, ga ƙura. Auta mai tsantsenin kada rigarsa ta ɓaci ya durƙusa a ƙasa, yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ya kusa kaiwa ƙasan kwalin, sai ya hango ja. Ɗigo biyu a tsakiya, ɗaya a can sama, ɗayan kuma ya karkace ya malala gefe.

Ya rungume abin a ƙirji, hawaye suka zubo masa a gaban mutane, bai damu ba.

Mai gyaran ya ce madannan ba za su shiga sabuwar kwamfuta ba, sai dai a nemo irin tsohuwar sak, ta hannu mai lafiya, a dasa mata. Ya ce abin zai ɗau lokaci. Auta da ba ya iya jiran komai, wannan karon ya jira.

Kafin a gama, ya je ya durƙusa gaban Baba ya nemi gafara. Sannan ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun farko: "Baba, me kake so a kwamfuta?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "Abu kaɗan ne. Madannan da zan doka su amsa, haruffa manya, da gilashin da ba ya haska mini ido. Sauran duk naku ne, yaran zamani."

Ranar da Auta ya kawo wadda aka dasa wa madannan, da rubutun Baba a ciki, ya ajiye a kan tebur ya jona caja. Baba ya ɗora hannu. Manuniyarsa ta dama ta samu tudunta, ta hagu ma ta samu nata. Sai ɗan ƙaramin yatsansa ya miƙa gefe, ya sauka a kan karkataccen ɗigon nan, ya tsaya a wurin.

Can ya ce, "Ranar nan na ce wa Ummanku ta bari sai ta warke. Ta ce a'a, kada in tashi rubutu in rasa hanya."

Ya share ido da bakin hannun riga, ya gyara zama. Sai ƙwas-ƙwas ta tashi, har Yaya ta jiyo daga kicin ta saki abin da take yi. Auta ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar teburin kamar yadda yake yi yana yaro.

Ita kuwa mai sheƙin, Baba ya ce Auta ya ɗauke ta ya je ya yi zanensa, dama tun farko kansa ya saya wa. Yaya ta yi ta dariya, Auta ya sunkuyar da kai don ya san gaskiya ne.

Baba ya kammala labarin Umma kafin ganinsa ya tafi. Yanzu jikoki ne ke karanta masa, shi kuma yana zaune da sabuwar Gwaggo a kan cinya, yatsansa a kan ɗigon nan.

Darasi: Abin da ya fi tsada ba lallai ne ya fi dacewa ba, ko kwamfuta ce ko wata kyauta. Kafin ka zaɓa wa mutum abu, tambaye shi me zai yi da shi, kuma kada ka raba tsoho da kayansa don kawai sun tsufa a idonka, ba ka san hannun wanda ya taɓa su ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu shirin yi wa iyayensu kyauta.