Akuya a Layin Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Wata shekara fari ya koro baƙin dabbobi zuwa tafkin daji, gardama ta kaure. Aka ce a zaɓi sarkin tafki, kowa ya yi layi bayan gwaninsa.

Kura ta ce, "In na hau, baƙo ba zai sha ba."

Jaki ya ce, "Ruwa na Allah ne, kowa ya sha."

Kunkuru ma ya tsaya takara. Akuya ba ta ƙin baƙi, kukan Jaki ne ba ta so. Ta ce wa 'ya'yanta, "Kunkuru za mu bi, ba ya damun kowa."

Tunkiya ta ce, "Yaya, Kura kike yi wa aiki."

"Ra'ayina ne."

Suka bi Kunkuru, tafiya sannu-sannu. Kafin su iso fili an gama ƙirga, Kura ta kayar da Jaki da ƙyar.

Kura ta dube su, ta lashi baki. "Sannunku da zuwa, baƙi."

Akuya ta ce, "Ranki ya daɗe, nan aka haife mu."

"Wanda ya iso daga baya ai shi ne baƙo. Amma ba zan kore ku ba. Hanya da nisa, cikina ya fi kusa."

Akuya ta waiwayi ɗan takararta. Tuni ya shige ɓawonsa.

Ƙurunƙus kan ɓera. Mai musu ya je ya tambayi Kunkuru.