Mutumin da Ya Fita Daga Gayya

An yi wani mutum a ƙasar Maska, zamanin da ake biyan aiki da kuɗin wuri ko da hatsi. Yana da gonar dawa da ta auduga. Kamar kowa a garin, da gayya yake nomansa: yau a taru a gonarka, gobe ka je ta wani.

Wata shekara fari ya faɗa wa arewa, mutane suka gangaro neman ƙodago. Can wajensu, wanda ya yini yana noma, abin tuwon dare kawai yake samu. Nan Maska kuwa ana ba da ninkin haka, ma'aikacin marina ma ya fi. Baƙin ba su sani ba. Shi ya sani.

Ya ɗebe su a kan ladan garinsu. Ya yi musu bukka a gona, don kada su shiga kasuwa su ji. Da maƙwabcinsa Mudi ya zo kiransa gayya, sai ya ce shi yanzu hannu ya yi masa arha.

Ya 'yan'uwa, yunwar mutum ita ce farashinsa?

Ran nan wani cikinsu, Shitu, ya bi ta marina, ya ji abin da mai ɗaukar toka yake samu. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce, "Maigida, ashe ka sani." Ya ɗauki fartanyarsa, ya tafi.

Da damina ta zagayo, arewa ta samu ruwa. 'Yan ƙodago kaɗan da suka zo suka zarce marina, don labari ya riga ya kai musu. Ciyawa ta shaƙe dawa. Dole ya kira gayya, aka tuƙa tuwo, aka dama fura, makaɗi ya yi ta kiɗa har hantsi. Ba wanda ya zo. Mudi ne ya tsaya a bakin gona, ya ce, "Malam, mu ai mun yi maka tsada."

Rumbu bai ga komai ba. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Kunya ta hana shi ƙodago a Maska, sai ya nausa arewa. Can aka biya shi abin tuwon dare.

To, jama'a, wanda ya ci gumin baƙo don bai san gari ba, ya kuma yar da maƙwabci, wa zai kira ranar ciyawa? A ba ma'aikaci ladan inda ya yi aikin.

Allah ya kiyaye mu da cin gumin bayinsa, amin.