Waziri Mamuda da Benen Unguwar Masaƙa

An yi wani sarki a birnin Kwargaba, ana ce masa Sarki Jatau, wanda Allah ya ba shi zaman lafiya mai tsawo, har ni'imar ta zame masa jarrabawa. Jama'a sun hayayyafa, baƙi sun yi ta shigowa, ganuwa kuwa tana nan yadda kakanni suka bar ta. Aka kai ga ana raba zaure da zana don magidanta biyu su sami wurin sa haƙarƙari.

Ana cikin haka wani attajiri mai suna Madugu Sambo ya nemi izini ya gina bene hawa uku a kangon mahaifinsa da ke Unguwar Masaƙa, mai ɗakunan da za su ɗauki iyalai masu yawa. Dattawan unguwar suka zo fada suka faɗi suka yi gaisuwa, suka ce benen zai leƙa tsakar gidajensu ya yaye suturar iyalinsu, zai tare musu rana, rijiyarsu ɗaya ce, lungunsu kuma ko jaki da kaya da ƙyar yake wucewa. Kashegari marasa muhalli suka zo, suka ce su ma bayin Allah ne, kuma kango ba ya amfanar kowa sai macizai.

Sarki ya dubi wazirinsa, Mamuda, mutum mai ilimi da natsuwa, ya ce, "Waziri, na saurari na jiya na ce suna da gaskiya, na saurari na yau na ce suna da gaskiya. Ka je ka zo mini da hukuncin da ba zai danne mai haƙƙi ba."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji, na karɓa."

Amma akwai abin da ya tsaya masa a rai. Ya ga wani tsoho mai furfura, Malam Haladu masaƙi, a sahun gaba na masu ƙin bene, kashegari kuma ya gan shi cikin masu roƙon a gina. Ya yi zaton ko tagwaye ne, aka ce masa a'a. Ya yi zaton ko munafunci ne, duk wanda ya tambaya sai ya ce Malam Haladu bai taɓa faɗin magana biyu ba. Sai ya tashi ya tafi gidansa da kansa.

Bayan sun gaisa a ƙofar gida, domin zauren ma akwai mai kwana a ciki, Waziri ya ce, "Baba, na gan ka a taro biyu. Wanne ne naka?"

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, duka biyun."

"Ai ba a hawa jirgi biyu."

"To ni dai ga ni a kansu. In an gina benen nan, matata Tabawa, wadda sanyin ƙashi ya kama, za ta rasa hantsin da take sha a tsakar gida, surukaina kuma ba su ƙara sakewa a gidansu. In ba a gina ba, ɗana Nuhu ya riga ya ɗaure kayansa, zai kwashe mini jikoki ya koma wani gari, domin shi da matarsa da 'ya'yansu ɗaki ɗaya suke, babbarsu kuwa ta fara girma. Ranar farko na tuna da Tabawa, ranar biyu na tuna da Nuhu. Ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba."

Waziri ya ce, "To me kake so a yanke?"

Tsoho ya ce, "Da na sani, ranka ya daɗe, da taro ɗaya na je."

Waziri ya fita kansa ya fi ɗaurewa. Ya bi unguwa yana tambaya, ya tarar wanda ya fi kowa kukan ƙuncin lungu shi ne ya ci rabin lungun da katangarsa. Ya je wasu unguwanni, kowa ya ce lallai a gina wa talakawa benaye, aikin lada ne, sai dai Unguwar Masaƙa ta fi dacewa da su. Masaƙa kuwa suka ce ai Unguwar Maƙera ta fi fili. Maƙera suka nuna bayan ganuwa, inda babu rijiya babu kasuwa, kuma ba mai yarda ya kai iyalinsa can.

Daga ƙarshe ya je wurin Madugu Sambo. Madugu ya karɓe shi da girmamawa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Waziri, kada abin nan ya dame ka. In masaƙa sun ƙi, ina da wani kangon, sai in kai ginin can."

Waziri ya ji sanyi a ransa, ya ce, "Madalla. A ina yake?"

"Wanda ke jingine da katangar gidanka ta gabas."

Waziri ya yi masa sallama. Ya kama hanyar gida, kafin ya kai ƙofarsa sai ya tarar hujjojin masu son a gina a Masaƙa sun yi masa nauyi ƙwarai, kukan dattawan kuwa ya zama kamar son kai kawai. Ya ji daɗin cewa gaskiya ta bayyana masa. Da ya shiga tsakar gidansa, ya ga iyalinsa suna shanya a rana, ya ɗaga kai ya dubi katangar gabas, sai ya gane ba wata sabuwar hujja da ta zo masa tsakanin gidan Madugu da nasa. Ya ce a ransa, to bari ya hana ginin a Masaƙa ya karɓe shi a bayan gidansa; nan ma ya tambayi kansa, shin adalci ne wannan ko neman a yabe shi? Marasa ɗakin Masaƙa fa, laifin me suka yi? Ya kai ga duk hukuncin da ya ɗauko sai ya ga hannunsa a ciki, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Da Sarki ya neme shi, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka aike ni neman amsa, na dawo da ruɗu fiye da wanda na tafi da shi." Ya kwashe labari duka ya faɗa, har da abin da zuciyarsa ta yi masa a hanya. Sannan ya ce, "Ban san wa ya fi gaskiya ba. Abin da na iya kawai shi ne na tambayi kaina, da wane sharaɗi zan iya zama kusa da bene ban ji an cuce ni ba. Na ga zan iya in hawa biyu ne, tagoginsa na duban hanya, rufinsa na da katanga, mai gini ya haƙa rijiyarsa ya gyara magudanar ruwa, kuma 'ya'yan unguwa su fara samun ɗaki kafin na nesa. In Sarki ya yarda, wannan ya zama ƙa'ida a kowace unguwa, a gina kangon nan biyu duka, a fara da na bayan gidana. Ko haka ma wani zai cutu, ban san yadda zan hana ba."

Fadawa suka fara duban juna, suna zaton Sarki zai yi fushi da wazirin da ya ce bai sani ba. Sarki kuwa ya ce, "Tun da aka fara maganar nan, kowa ya zo mini da yaƙini, kuma yaƙinin kowa ya tsaya daidai katangar gidansa. Kai kaɗai ka tuhumi naka." Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa masa, ya danƙa masa al'amarin gine-ginen birni duka, ya kuma ce filin da ke bayan fada ma ƙa'idar ta hau kansa.

Aka yi ginin. Madugu ya yi gunagunin hawan da aka rage masa, wasu dattawan Masaƙa suka daina gaida Waziri da sakin fuska, wasu marasa ɗaki kuma ɗakunan ba su kai kansu ba. Nuhu ya kwance kayansa ya sami ɗaki biyu a sama. Tabawa ta rasa hantsinta, sai dai jikokinta su kama ta su kai ta ƙofar gida ta sha rana a can, tana yi tana mita.

Wata rana Waziri ya gamu da Malam Haladu ya ce, "Baba, ka ci shari'ar nan ko an cinye ka?"

Tsoho ya ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, har yau ina lissafi. Kai fa?"

Waziri ya ce, "Ni ma tsakar gidana inuwa ce har azahar."

Masu hikima sun ce, adalci ba ya alkawarin kowa zai koma gida yana murna. Alamarsa ita ce mai yanke hukunci ya yarda ya zama maƙwabcin hukuncinsa.