Nomau da Rawayar Sarki

A wani zamani mai nisa an yi wani sarki mai zafin rai, wanda ko tari ya yi sai fada ta yi tsit. Wata rana da rani ya fita farauta, ya ga furen rawaya a daji, ba ganye ba reshe, fure kawai kwance a ƙasa. Da ya komo ya sa aka kira Nomau, mai kula da lambun fada, ya ce, "Ina son furen nan a lambuna kafin ranin baɗi ya fita. In babu, a bakin ranka."

Nomau ya haƙo saiwoyi ya dasa. To, mutumin da ya tsufa a fadama, me ya sani in ba ban ruwa ba? Safe ruwa, yamma ruwa, ga taki. Damina ta wuce, rani ya sake shigowa, ganye shar, fure ko ɗaya babu. Nomau ya rame don tsoro.

Ya tafi wurin Iya Tabawa, tsohuwar da ke rini da saiwar rawaya. Ta ce, "Ɗan nan, ka shagwaɓa ta. Ba ta fure sai ta sha ƙishi, wutar daji ta bi ta kanta."

Ga shi kuwa dokar fada, duk wanda ya kunna wuta a lambun sarki kashe shi ake yi. Nomau ya zube gaban Waziri Gwadabe, ya kwashe labari ya faɗa masa. Waziri ya ce, "Daina ban ruwa. Sauran ka bar mini, amma fa sai ka daure."

Ganye ya bushe ƙayau. Waziri da kansa ya kawo sarki ya nuna masa. Sarki ya fusata, ya ce a kira Hauni, mai sare kai. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ƙone wannan abin kunya yau. Shi kuwa a ɗaure shi kwana goma, ya ɗanɗani tsoro tukuna." Sarki ya ce a yi haka.

Kwana goma Nomau bai san ko ceto ne ko Waziri ya bashe shi ba. Ran na goma Hauni ya jawo shi ta cikin lambu, sarki na biye. Kan Nomau a sunkuye yake, shi ya sa shi ya fara gani: furanni rawaya sun keto baƙar toka, ko'ina. Ya zauna cikin tokar yana kuka.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wuta take so, kuma ba mai ikon sa ta sai kai."

Sarki ya daɗe yana duban furen. Ya karɓi wuƙar Hauni, ya yanke igiyar Nomau da hannunsa.